Safiyanu Mai Inji da Wejin Surukinsa

A Maiyama idan ka ce kana neman Safiyanu, sai an tambaye ka wanne daga ciki. Amma idan ka ce Safiyanu mai inji, ko tsohuwa mai ƙosai za ta nuna maka gidan ba tare da ta ɗaga kai daga kaskonta ba. Injin kuwa ba na niƙa ba ne, ba kuma na ban ruwa ba. Injin yankan itace ne, mai sarƙa, wanda in ya tayar da shi a bakin gari sai kajin unguwa su watse. Mutum ne gajere mai kauri, tafin hannunsa duk kanta, kunnensa na hagu kuma ƙarar injin ta gama da shi tuntuni. Shi ya sa in kana masa magana yakan karkato da kai gefe guda, har baƙi su ɗauka tsabar ladabi ne. Ladabin ma akwai shi, har ya yi masa yawa, kuma shi ya jawo masa abin da ya same shi a Jiga Birni.

A Giwa Tazo aka haife shi, a gidan da ba su da gonar kirki sai gatari. Ubansa faskare yake yi, ya ɗora wa jaki ya kai Maiyama, Safiyanu kuma ya tashi bai san wata sana'a ba. Da ya zama saurayi sai ya bi 'yan cin rani zuwa kudu, inda ake yankan katako, ya fara da dakon gungume zuwa bakin mota. Can ya fara ganin injin. Mai injin ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin yaren mutumin, don haka babu wanda ya koya masa komai da baki. Da ido ya koya, yana tsugune a gefe yana kallo, har ranar da mutumin ya gaji da kallon ya miƙa masa. Bayan wasu shekaru ya dawo gida da tsohon inji a cikin buhu, da tabo a ƙwauri, da abu guda da yake yawan faɗa wa masu kiransa aiki: itace inda nauyinsa ya so yake faɗuwa, sai dai in an lallashe shi.

Lallashin kuwa da weji ake yi. Direbobin manyan motoci sun san weji, guntun katakon nan da ake cusa wa taya kada mota ta gangara. Na masu inji ya fi shi siranta, bakinsa a fiƙe. Sai ka fara buɗe wa itacen baki ta ɓangaren da kake so ya kwanta, ka zagayo bayansa ka shiga da inji, ka bar ɗan tsakiya yana riƙe da shi. A wannan tsagar ta baya ake cusa wejin, ana bugawa a hankali, yana ɗaga gindin kaɗan-kaɗan har itacen ya haƙura ya bi inda aka nuna masa. In babu weji, itacen da ya karkata baya sai ya zauna a kan injin ya danne shi, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Safiyanu da kirya yake sassaƙa nasa, suna kuma yi masa aiki a kan dogon yaro da sauran ƙananan itatuwa.

Tun yana ɗan gatari yake kai gyara wurin Ummaru Maƙeri a Jiga Birni, don duk yankin babu mai ba gatari baki kamarsa. Tsohon ba mai yawan magana ba ne. Yakan juya gatarin, ya dubi yadda ƙotar ta sha hannu, ya yi shiru abinsa. Ashe yana lura. Lokacin da Safiyanu ya dawo daga kudu ya aika neman auren Tasalla, 'yar farin maƙerin, dangi suka yi ta ƙunƙuni cewa mutum ba gona ba rumbu, a ƙasar da ake auna namiji da albasar da ya noma. Tsohon ya ce shi ya ga gatarin yaron, kuma ya ishe shi. A nan maganar ta ƙare.

Safiyanu bai taɓa mantawa ba, kuma da kunya ya rama alherin. Kowa yana jin kunyar surukinsa, amma tasa ta fita daban. Tun daga bakin lungu yake kashe babur ya jingine shi, ya ƙarasa da ƙafa. Takalmi kuwa tun kafin ya hango maƙerar yake cire shi. Bai taɓa shan ruwa a gaban tsohon ba, ko da tsakar bazara ne. Sunan Ummaru ya fita daga bakinsa gaba ɗaya, har wani abokinsa mai wannan suna ya koma Sanda ƙarfi da yaji. Shekara da shekaru ana tare, 'ya'ya sun taso, amma in ka tattara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu, ban da gaisuwa, ba za ta cika hira ɗaya ba. Mutane suna yaba masa, ana kwatance da shi ga samarin yanzu masu miƙa wa surukai hannu a tsaye. Babu wanda ya taɓa tunanin wata rana zai buƙaci ya ce wa tsohon a'a.

Maƙerar wani ɗakin ƙasa ce mai rufin soro. Kakan tsohon ya gina ta, irin ginin da yanzu ba a samun mai yinsa, hayaƙi kuma ya mayar da cikinta baƙi ƙirin. Uwar maƙera tana kafe a tsakiya, ƙasa ta cinye rabinta. A da tun da hantsi ake cika ƙofar, masu garma, masu lauje, masu kalme. Yanzu kasuwa ta cika da na kanti, masu walda sun kwashe ragowar aikin, hannun tsohon kuma ya fara rawa. Duk da haka kullum in ya karya sai ya shiga ya zauna a kan buzunsa. Wata rana a kawo masa wasa wuƙa, wata rana ba kowa sai ƙadangaru. Matarsa Gudiya takan ce ranar da aka raba shi da ɗakin nan, to a fara neman likkafani, kuma ba da wasa take faɗa ba.

A bayan maƙerar akwai wani maɗaci da ya girmi kowa a garin. Maganinsa ne ya kashe shi. Mai ciwon ciki ya zo ya ɓare ɓawo, mai basir ya ɓara, mai zazzaɓi ya ɓara, kowa yana cewa ai ɗan kaɗan ne, har suka zagaye gindin suka bar shi tsirara. Sai ya fara bushewa daga sama. Da bazarar bana ta kama, wani reshe ya karyo da rana tsaka ya kashe akuyar maƙwabta, mai unguwa ya ce ba za a jira iskar farkon damina ba, a kayar da shi. Wa za a kira, ga mai inji a gida?

Safiyanu ya je ya zagaya itacen, ya ja baya ya ƙare masa kallo. Maɗacin ya karkata, kuma kan maƙerar ya karkata. Ba zai hawu ba balle a rage masa rassa, don saman duk ya ruɓe. Igiya ma iyakarta inda tsani ya kai. Ta gabas akwai filin da ake shanya albasa, an kuma riga an kwashe ta. Can ya kamata ya kwanta, kuma babu abin da zai kai shi can sai weji na gaske, don na katako irin nasa nauyin nan murƙushe su zai yi. Ya aika ta bakin Tasalla cewa a fitar da kayan maƙera kafin ranar aikin. Amsa ta dawo ta bakin Gudiya: ba a kwashe maƙera sai mai ita ya mutu ko ya yi ƙaura, shi kuwa bai yi ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa ya hau babur sai Jega. Ya ratsa 'yan albasa da 'yan shinkafa, ya shiga layin masu kayan injin ban ruwa. Can ƙarshe akwai rumfar Haidar, mai sayar da sarƙa da fulogi da man inji, kuma shi kaɗai yake kawo wejin roba irin wanda Safiyanu ya gani a kudu. Haidar mutum ne mai surutu, ya san kowa, ya kuma san na kowa. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya zazzage shi a ƙasa.

"Ga su nan, zaɓi," in ji shi. "Tun bara suna nan ba mai tambaya. Kowa yag gani sai shi ce abin wasan yara na."

Safiyanu ya tsuguna. Ba ya sauri a irin wannan. Ya riƙa ɗaukar biyu yana gwara su kusa da kunnensa mai ji. Waɗanda suka yi ƙara kamar butar da rana ta gasa ya ture su gefe, don bugu ɗaya za su tarwatse. Masu amo a dushe ya tara a gabansa. Ya bi fuskar kowanne da babban yatsa, yana neman 'yan haƙoran nan da suke kama itace su hana wejin zamewa. Sannan ya ciro guntun tsohuwar sarƙa daga aljihu ya gwada da bakin kowanne, ya ga ko zai shiga tsagar da inji yake bari. Gajerun suna ɗagawa da sauri, amma na ƙaramin itace ne. Shi dogaye yake so, masu hawa a hankali, waɗanda za a iya ɗora wani kan wani idan gindin ya ƙi tashi.

Haidar ya gaji da jira, ya ɗauko wani na ƙarfe ya dire a gabansa. "In ƙarhi kaka biɗa, ga na maza nan. Mi roba za ta yi ma babban icce?"

"Wanga na hwaskare na," in ji Safiyanu. "In icce na kwance, ba wanda yak kai shi. Amma ga icce tsaye, baki nai ya yi kauri, jiki nai ya yi santsi. Kana bugu shina tsalle shi hito. In ko sarƙa tat taɓa shi, sai dai a tsinci haƙoranta ga huskarka."

"To iccen wa na, da kaka wanga tone-tone haka?"

"Na gidan su mai ɗakina."

Haidar ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Na surukai? To Allah shi hisshe ka. Ni ko kaza ba ni yanka musu, kar ta tashi ta ɓata man suna."

Safiyanu ya yi murmushi, ya biya, ya zuba wejin a jakar kayan aikinsa. Tunda ya ga karkatar maɗacin nan bai ji ransa ya yi sanyi ba sai a hanyar komawa. Har ya tsaya ya sayi mangwaro ya ɗaure a bayan babur.

Tasalla ta riga shi isa gida. Ta yi 'yan kwanaki a Jiga Birni wurin uwarta, ta dawo fuskarta tana walƙiya yadda ya daɗe bai gani ba. Bai gama wanke ƙafa ba ta ajiye masa wani ƙunshi mai nauyi a kan tabarma.

"Saƙon Baba," in ji ta. "Yaj ji za ka Jega biɗar weji, yac ce ƙaƙa za a tahi Jega biɗar abin da aka ƙerawa, shi ko shina raye? Da hannu nai yah hura wuta. Ka ga an daɗe bai ɗauki babbar masaba ba, amma wuni yay yi shina bugu. Inna tac ce har tuwo yaƙ ƙara."

Ya warware ƙyallen. Weji ne guda biyu na ƙarfe, daga sifirin ɗin babbar mota aka ƙera su, an goge su har suna ɗaukar ido, an kuma shafe su da man kaɗanya don kada su yi tsatsa. Safiyanu ya tashi a kan gatari, ya san ƙarfe. Babu tsaga, babu karkata, bakin a miƙe sambal. Aikin gwani ne, wanda in faskare za a yi da shi, jika ma sai ya gada. Ya juya su a hannu, ya ji santsin man, ya dubi kaurin bakin, sai ya ji mangwaron da ya sayo ya fita daga ransa.

"Tasalla, wanga ƙarhe ba shi yi."

"Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau. Ba na wanga aiki ba na." Ya ciro na roba ya nuna mata, ya yi mata bayani yadda ya yi wa Haidar. Ta saurara har ƙarshe, walƙiyar fuskarta tana dushewa a hankali.

"To wa za shi hwaɗa mai?"

"Ai ke ɗiyatai ce."

"Ni ce ta hwari," in ji ta. "Tun da anka haihe ni bai taɓa kiran sunana ba. Ni za ni dube shi in ce aiki nai bai yi ba, ga roba ta Jega ta hi shi? Kai ma ka san ba ni iyawa."

Ya sani. Ya yi tunanin Gudiya, sai ya ga ai kunyar suruka ta fi ta suruki nauyi. Ya yi tunanin liman, ya ga kafin maganar ta kai kunnen tsohon ta gama zaga masallaci, kowa ya ji cewa mijin 'ya ya raina ƙirar Maƙeri. Ya yi tunanin ya ce injin ya lalace, to amma hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, itacen kuma ba zai jira kunyar kowa ba. A ƙarshe ya yi abin da masu irin halinsa suka saba yi, wato ya bar maganar sai an je can. Ya ce a ransa zai yi sammako, ya gama da wejin roba kafin tsohon ya fito, na ƙarfen kuma ya ajiye su a gindin itace kamar da su aka yi.

Wane sammako! Da ya jingine babur a bakin lungu ya ƙaraso, inji a kafaɗa, jaka a rataye, sai ya tarar an riga shi. Tsohon yana zaune a kan buzu a gefen fili, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, babbar masaba a kusa da ƙafarsa. Mazan unguwa sun taru, manoma da ba su da aikin yi tunda an kwashe albasa. Ashe tun jiya ya faɗa musu su zo su ga aikin ƙarfe. Safiyanu ya tsaya cik. Sai ya juya kamar wanda ya yi mantuwa, ya koma wurin babur, ya ciro wejin ƙarfen daga jaka, ya rataye jakar a jikin babur da na robar a ciki, ya dawo. Shi kansa bai san lokacin da ya yanke shawarar ba. Ƙafafunsa ne suka yi masa.

Ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa. Mutane suka karɓi wejin suna miƙa wa juna, wannan ya auna nauyi, wancan ya shafa baki. Wani ya ce yau ina masu walda, su zo su ga ƙira. Gemun tsohon yana motsi, ka san murna ce yake haɗiyewa. Ya tura masabar da ƙafa zuwa wajen Safiyanu.

"Malam, ga masaba. Da ita kakana yay yi aiki. Ka buga, kak ka ji tausai nai, ba shi karyewa."

"To, Baba. Allah shi ƙara girma."

Abin da ya iya yi ya yi. Ya sunkuya kamar mai gyara zama ya goge man da ƙasa, gwargwadon yadda zai gogu. Ya sa aka ɗaura igiya iyakar tsani, ya jera ƙarfafan cikin manoman can cikin fili, ya ce kada su ja sai ya ɗaga hannu. Ya sa mata da yara suka fita daga gidan. Ya yi bisimilla ya tayar da inji.

Bakin gaba ya fita tsaf, jan garin maɗaci ya taru a ƙafafunsa. Ya zagayo baya, maƙerar tana bayansa, ya shiga da inji. Da ya kai inda ya kamata, ya ɗan faɗaɗa bakin tsagar don ƙarfen ya samu wurin kamawa, ya cusa na farko ya buga. Ya shiga kaɗan. Ya buga na biyu, shi ma ya kama. Sai wani fata ya taso masa, ya ce ko Allah zai rufa asiri. Ya ƙara shiga da inji a tsanake, yana kaffa-kaffa kada sarƙar ta taɓa ƙarfe, ya bar injin a cikin tsagar ya koma ga masaba. Yana bugu, mutane suna amsawa da kirari, tsohon ya miƙe tsaye yana dogara sanda.

Saman itacen ya girgiza, ya fara miƙewa. Daidai lokacin wata iska mai zafi ta taso daga gabas, ba ma mai ƙarfi ba, irin wadda take kaɗa riga. Nauyin maɗacin ya dawo kan wejin. Safiyanu ya ɗaga hannu, masu igiya suka ja, ya kai wa na dama bugu. Maimakon ya shiga sai ya yi tsalle ya fito, ya wulwula a iska ya faɗi can gefen fili. Na hagun ya tsaya shi kaɗai, yana zamowa a hankali, ana ganinsa da ido. Ya buga shi, ya ƙara bugawa, kowane bugu sai ya dawo baya fiye da yadda ya shiga.

A nan ne kunyar ta sake shi, lokacin da ba ta da sauran amfani. Ya yar da masabar ya zuba da gudu zuwa bakin lungu, inda jakar take rataye. Ya ciro na robar, ya juyo, bai kai rabin hanya ba ya ga wejin na biyu ya faɗo, tsagar ta rufe a kan injin. Ko allura ba za ta shiga ba yanzu. Ya mayar da su aljihu ya ƙaraso yana ɗaga wa masu igiya hannu su saki, kada itacen ya tafi da su. Kunnensa mai ji ya jiyo ɗan tsakiyar da ya bari yana tsinkewa, zare bayan zare. Ya tsaya hannu a sake. Duk iliminsa yana nan a kansa, babu ko ɗaya da zai iya yi da shi.

Maɗacin bai yi sauri ba. Ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya koma baya ya kwanta a kan maƙerar. Soron ya rufta ciki gaba ɗaya. Baƙar ƙura ta tashi, hayaƙin kaka da uba da jika, ta rufe wurin har ba ka ganin na kusa da kai. Daga cikin lungu aka ji Gudiya tana salati.

Da ƙurar ta lafa aka duba, ba wanda ya ji rauni. Aka yi hamdala, daga nan kuma baki ya buɗe. Wani ya ce mai injin ne ya zurfafa yanka. Wani ya ce ina ya ruga ana tsakar aiki, tsoro ne ya kama shi. Wani ya ce da ma shi tun farko bai ga alamar zai iya ba, mutumin da ɗazu yake kirari. Safiyanu yana durƙushe a inda yake, kuma wallahi daɗin zagin yake ji. Ya so su ƙara, su ɗora masa duka, a kira shi rago, a kira shi kurma, a hana shi aiki daga Aliero har Maiyama, in dai maganar za ta tsaya a kansa.

Tsohon bai dubi ɗakin ba. Ya taka a hankali zuwa inda wejin farko ya faɗi, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Ya goge shi da farar rigarsa, ya juya shi, ya bi bakin da yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga sanda, aka yi shiru.

"Ku ƙyale shi," in ji shi. "Ina kallo, aiki nai yay yi daidai. Ƙarhen na bai yi ba. Da can in niƙ ƙera abu, ba shi hitowa inda anka sa shi. Hannuna ya ƙare, ban sani ba sai yau."

Ya juyo wajen mijin 'yarsa, kuma a gaban jama'a ya tambaye shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, kai kas san aikin. Ko ba haka na ba?"

Gaskiyar tana nan a bakin Safiyanu, a shirye: ƙirar ba ta da aibi, hannun yana nan da ƙarfinsa, ƙarfen dai ba na wannan aiki ba ne, kuma shi ya sani tun ranar da ya warware ƙyallen. Amma faɗinta yana nufin ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a, ya kuma shaida masa cewa ya gani ya yi shiru, ya bar shi ya sa farar riga ya tara mutane. Ya ɗaga kai ya kai har gemun tsohon, ya kasa wucewa. Ya mayar da idonsa ƙasa.

"Haka na, Baba," in ji shi.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ajiye ƙarfen a ƙasa a hankali, ya shiga gida. Da mazan unguwa suka aika washegari cewa za su haɗu su ɗaga masa wani ɗakin, ya ce a gode musu, kada su wahalar da kansu.